Idon Yaya a Kan Fayif

Ranar da muka gama cike fandisho, a tsakiyar Nuwamban 2023, Yaya ya kira ni daga Ingila bayan ya sauka daga aikin dare a asibiti. Muka gaisa, ya tambayi jikin Hajiya, ya tambayi yara, sai ya yi ɗan shirun nan nasa da na san akwai magana a ƙarƙashi.

"Akwai wata kyamara da nake gani a wuraren gini a nan," in ji shi. "Ba bidiyo take ɗauka ba. Hoto ɗaya take ɗauka, ta huta, ta sake ɗauka, haka har a gama aiki. In an jera hotunan sai ka ga gini yana tashi kamar tsiron gero. Me zai hana mu sa a namu?"

Na ce, "To, Yaya, Allah ya kai mu." Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Shekarata goma sha ɗaya ina kula da gine-ginen mutanen da ba dangin iya ba na baba, ba wanda ya taɓa rataya mini ido a ka, sai ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya? Na san inda tsoron ya fito. Ba wanda bai ji labarin mutumin da ya shekara biyar yana turo kuɗi daga waje ana tura masa hoton ginin maƙwabta ba, ranar da ya sauka ya tarar da fili fetal da 'yan bulo ashirin. Sai dai sanin dalili daban, daɗin ji daban. Da na kai ƙorafi wurin Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba daga waken da take tsincewa. "Da guminka ne a can cikin sanyi, kai ma da ka so ka gani. Gani ya kori ji. Ka sa masa."

Ginin a Ɗanbare yake, daura da sabon matsugunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo. Bene ne hawa ɗaya, gida ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, takardun izini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, suna hannu tun kafin a haƙa rami. Da yake zuciyata ba ta cikin abin, sai na fara da araha. Na ɗauko wata tsohuwar wayar Android, na sa mata manhajar da ke ɗaukar hoto lokaci-lokaci, na jona mata fawabank, na cusa su cikin robar fenti da na huda, na ɗaure a reshen darbejiyar da ke bakin hanya. Kwana uku na ba ta. Da na sauke na tarar da hotuna ba su kai hamsin ba. Ashe da zarar waya ta cika, fawabank ɗin sai ya kashe kansa, ba kuma ya sake tashi sai an danna. 'Yan hotunan da aka samu ma, reshe ya yi ta lilo da iska, ginin yana rawa a ciki kamar ana kallonsa daga bayan jaki.

A farkon Disamba wani abokin Yaya da ya zo biki ya kawo ta gasken. Masu yin irinta suna da yawa. Wadda aka fi ambata ita ce Brinno ta ƙasar Taiwan, wasu kuma da GoPro suke yi. Tamu 'yar ƙarama ce, ba ta kai gwangwanin madara biyu ba, batir huɗu take ci irin na tocila, da memori, da akwatin roba mai hana ruwa da ƙura. Ba ta da layin waya, ba ta tura komai ko'ina. Sai ka hau ka zaro memorin. Akwai masu layi da farantin sola, waɗanda mai gini zai buɗe wayarsa a ko'ina ya ga hoton minti biyar da suka wuce. Yaya ya so irin su. Na ce masa farantin sola a kan sanda a unguwar da ba ta gama cika ba, gayyatar ɓarawo ce da kati. Na kuma ji a raina, ban dai faɗa ba, cewa in har yana iya leƙowa kowane minti biyar, to ni da wayata ba za mu sake hutawa ba.

Wurin kafawa ya ci mini kwana biyu ina zagaya fili. Abu uku nake nema: kada ta motsa, kada ta kalli rana, kuma kada aikin ya zo ya cimma ta a ce sai an tashe ta. Na sayo fayif mai inci uku, tsawon mita shida, a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai walda ya yi masa keji a ka da wurin kwaɗo, muka binne kusan mita ɗaya a kankare, a kusurwar kudu ta bakin hanya, idonta yana kallon arewa. Dalili kuwa, a Kano lokacin hunturu rana ta kudu take bi, don haka tana bayan kyamarar yini guda. Da gabas ko yamma ta kalla, da hoton safe ko na la'asar ya zama farin fetal. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne barin sarari a sama. Kana tsaye gini bai wuce gwiwa ba, hoton duk sararin samaniya ne, sai hannunka ya riƙa ƙaiƙayin sunkuyar da ita. Na daure, domin na san bene da rufinsa za su haura mita takwas, kuma duk ranar da ka taɓa ta, bidiyon zai yi tsalle a wurin har abada.

Ba a kwana biyu ba sai ga Alhajin da ke gabas da mu, carbi a hannu, fuska ba walwala.

"Malam, wannan abin da kuka rataya, ina yake kallo?"

Na ce ginin kawai. Ya ce shi dai daga tsakar gidansa yana hango idon abin, kuma wanda kake hangowa yana hango ka. Na sa tsani na zaro memori, muka buɗe a laftof a kan bonet ɗin motata. Gaskiyarsa ce. A can gefen dama ga igiyar shanyarsa, ga saman ƙofar kicin, har da kan wata yarinya da ta zo wucewa. Kunya ta rufe ni. Na goge hotunan a gabansa, muka ɗan karkata kejin, mai walda ya liƙa guntun langa-langa a gefen don ya tare wannan sashe gaba ɗaya. Da yamma na je na sanar da mai unguwa, abin da ya kamata in yi tun kafin a binne fayif. Wannan rigima ta yi mana rana ta wata hanya: tunda kyamara a mita biyar ta leƙa gidan, to tagogin sama ma za su leƙa. Muka koma kan zane muka ɗaga tagogin gabas su wuce kan mutum, tun bulonsu bai zo ba.

Saura ma'aikata. Na tara su da safe kafin a kwaɓa siminti, don ba na son su ji a bakin wani. Babban birkilanmu, dattijo ne da muka yi gini shida tare, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, shekara nawa muna tare? Yau kuma sai da maigadi a sama?" Kamar ya ciro maganar daga bakina ne, wadda na kai wa Hajiya. Na ce, "Baba, ni ma a ƙarƙashinta nake." Na nuna musu ba ta ɗaukar murya, kuma daga wannan nisa fuska ba ta fita sosai. Na yi alkawarin ba wanda za a yanke wa kuɗin yini saboda hoto. Wurin da suke canza kaya da kama ruwa muka mayar da shi bayan tulin bulo inda idonta ba ya kaiwa. Kafin sati ya zagayo yaran birkila sun raɗa mata suna, Idon Yaya, kuma da safe akwai wanda ke ɗaga mata shebur ya ce ina kwana.

Lissafin abin ba wuya. Bidiyo na cin hoto talatin a kowane sakan. Na sa ta farka ƙarfe bakwai na safe ta kwanta shida na yamma, awa goma sha ɗaya ke nan. Da fari na ba ta hoto ɗaya duk minti goma: hoto 66 a yini, wanda ya ɗan haura sakan biyu in an kunna. Sati guda na aiki bai cika sakan goma sha biyar ba. Ranar Juma'a ta farko, bayan an sauko daga masallaci, na hau na canza memori, na zauna a rumfar Baba maigadi muka kalla tare. Ya sa na maimaita sau uku, ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah. Da naɗin ƙasa muke ji a wurin waliyyai, yau ga naɗin kwanaki." Tun daga ranar nake ce mata kyamarar naɗe lokaci.

Shi abin mamaki ya gani, ni abin kunya na gani. A kowace rana cikin shidan, kashi ɗaya cikin huɗu na farkon bidiyon bango ba ya motsi. Ga mutane nan, sun iso tun bakwai da rabi, amma layin bulo ba ya ƙaruwa sai inuwar fayif ta gajarce, wajen goma saura. Na rage gudu na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ruwa suke jira. 'Yan ga-ruwa sai sun gama da gidajen unguwa suke turo kurarsu wurinmu, kuma ni ne na ƙi sayen tankin roba tun farko, wai ina tattalin kuɗin Yaya. Kullum nakan iso wurin tara da rabi bayan na leƙa wani aikin, in tarar ana shirin farawa, in ɗauka yanzu abin ya faru. Ba wanda ya yi mini ƙarya, ba kuma wanda ya ga dalilin faɗa mini, tunda kuɗin yini ba ya raguwa don an jira ruwa. Birkila uku da lebura biyar, awa biyu kullum. Washegari na sayo tanki, na yi jinga da mai ruwa ya cika shi kowace yamma kafin magariba.

Abu na biyu sai a irin wannan bidiyo ake ganinsa. Tulin bulo mai inci tara yana yawo. Mota ta sauke shi a bakin ƙofa, bayan kwana biyu ya koma tsakiya don tifa ta samu hanya, bayan kwana uku ya sake komawa gefen yamma don ya tare wurin kwaɓi. Da idonka a fili, lebura ɗauke da bulo aiki yake yi, har ka yaba masa. A bidiyo sai ka ga bulo ɗaya an ɗauke shi sau uku kafin ya hau bango, ga wanda ke karyewa a kowace ɗauka. Na ɗauki fenti na zana a ƙasa: nan yashi, nan tsakuwa, nan bulo, nan hanyar mota, kowa ya sani.

Na ɗauka ranar da za ta yi shaida, ɓarawo za ta kama. Sai ta wanke wanda muke zargi. Mai kawo yashi ya ce tifa bakwai ya sauke, littafin Baba maigadi ya ce shida. Har an fara ɗaga murya, ni ma na karkata ga maigadi, don na san halin wasu masu tifa. Muka buɗe hotuna. Motar ba ta fito a ko ɗaya ba, domin tifa tana iya shigowa ta juye ta fita cikin ƙasa da minti goma. Amma ranar Juma'a, tsakanin hoton ɗaya da ashirin da na ɗaya da rabi, tudun yashi ya yi sabon kai, ga sawun taya a ƙasa. Muna masallaci duka, har da Baba maigadi. Na biya mutumin kuɗinsa na ba shi haƙuri, na kuma mayar da tazarar minti biyar, hoto 132 a yini.

Hunturu ya koya mini sauran. Ƙura takan kwanta a gilashin akwatin a hankali, ba za ka lura ba sai ka kunna bidiyo ka ga sati ya fara garau ya ƙare kamar ana kallonsa ta cikin koko. Hazon da ke sararin sama ba yadda za ka yi da shi, amma na gilashi tsumma mai laushi ne maganinsa, sau biyu a sati. Babbar asarar kuwa ni na jawo ta. Batir ya yi ƙasa a ƙarshen Disamba, na tsaya a wani teburi a bakin titi na sayi masu araha na zuba. Juma'ar da ta biyo baya muna wurin ɗaurin aure ban hau ba. Da na hau, ta mutu tun kwana tara da suka wuce, kuma a cikin kwanakin nan ne aka ɗaure rodin linta, wato kankaren da ke bisa ƙofofi da tagogi, aka zuba. A bidiyon bango yana daidai kafaɗa, ƙiftawar ido sai ga shi da linta a ka. Yaya bai ce komai ba sai, "Nan kamar an tsallake." Daga nan na kafa wa kaina doka: memori biyu ana musanyawa, batir mai kyau ana canzawa tun bai nemi canji ba, a duba kwanan wata da agogonta kafin a rufe keji, a kwafe hotuna wuri biyu a daren. Bidiyon kuma a matsayin fayil nake tura shi a WhatsApp, in ba haka ba sai ya matse shi har bulo ya daina rabuwa da bulo.

Ranar zuba dekin, a ƙarshen Janairun 2024, ita ce ranar da kyamarar ta biya kuɗinta. Na sa mata sababbin batura, na mayar da ita hoto ɗaya duk sakan goma. Kaurin dekin milimita 150, kwaɓin ɗaya-biyu-huɗu, wato buhu ɗaya na siminti, wanda ke cika kwanon sarki biyu, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Injin kwaɓi ɗaya, leburori sun yi layi a kan gadar katako, kwano na hawa cike yana saukowa wayam. Mun fara gari bai gama wayewa ba, muka gama da hasken fitilar mota bayan magariba, an ci siminti buhu ɗari da saba'in da 'yan kai. Ni ina gindin injin yini guda, domin akwai abin da ba kyamarar da za ta gane daga mita biyar: yawan ruwan da ake zubawa. Leburori sun fi son kankare mai ruwa-ruwa, ya fi daɗin juyewa, shi ne kuma ke rage masa ƙarfi. Wannan sai mutum a tsaye, da ido da baki.

Da azahar injin ya tsaya, bel ya tsinke, aka tura yaro a babur. Aka yi salla, aka ci abinci, aka gyara, aka ci gaba. Da daddare Yaya ya tambaya na ce masa tsayawar ba ta wuce rabin awa ba, kuma da an ba ni Alƙur'ani a lokacin da na dafa. Hotuna suka ce awa ɗaya da minti ashirin da biyar. Kankare ba ya jiran kowa. In ya fara kama jikinsa, sabon da aka zuba a gefensa ba ya haɗewa da shi kamar yadda ake so, sai a samu gaɓa. Da ba don hotunan ba, da na manta da zancen. A cikinsu kuwa ga layin nan ɓaro-ɓaro, inda danyen kankare ya tsaya yana canza launi. Na auna shi da filolin da ke kusa, na je na shata a jikin dekin, na kira injiniyan da ya zana ƙarafan ginin. Ya duba ya ce an yi sa'a, gaɓar ta faɗo a tsakiyar ɗaki, ba a bakin bim, kankaren da ke tallafe da dekin, ba, kuma ba banɗaki a samanta. Ya ce dai a sake dubawa daga ƙasa in an cire katako. Aka duba, zare ne siriri, aka bi shi da abin toshewa.

Sai ban ruwa. Kowane magini ya san kankare na son ya zauna a jiƙe aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Na ɗauki yaro na ce ya ba dekin ruwa safe, rana, da yamma. A kwana na uku wani abu ya ce mini in hau in duba. Jiƙaƙƙen kankare baƙi-baƙi yake fita a hoto, busasshe kuma fari, don haka ba a buƙatar shaida. Yaron bai ci amana ba, sau ukun nan yana zubawa, ga shi nan da tiyo a hotuna. Amma iskar hunturu, wadda ke fasa leɓe da dunduniya, tana lashe ruwan cikin awa ɗaya da rabi. Dekin yakan yi baƙi, ya fara fari daga gefen gabas, farin ya mamaye shi, ya zauna haka awa uku kafin tiyo ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ina ba da wannan umarni na sau uku a yini, ina tafiya da zuciya ɗaya. A ranar muka kewaye bakin dekin da ɗan tudun siminti mai rauni, muka tare ruwa ya kwanta kamar fadama, inda bai kwanta ba muka shimfiɗa buhunan algarara muka jiƙa. Sauran kwanakin baƙi ne daga safe har yamma.

Da kafinta ya zo a kwana na goma sha biyu yana son kwashe gorar da aka tokare dekin da ita, wai yana da wani aiki a Rijiyar Zaki kuma ai an yi sati biyu da rabi, ban yi musu da shi ba. Na nuna masa kwanan watan da ke jikin hoton ranar zubi. Gora ta zauna har kwana ashirin da ɗaya.

Akwai wani zalunci da irin wannan bidiyo ke yi, wanda ya kusa haɗa ni da Yaya. Mutumin da ke zirga-zirga ba ya zama a hoto. Nan ka gan shi, nan ya ɓace, kamar aljani. Wanda aikinsa na wuri ɗaya ne kuwa, yana nan daram a kowane hoto. Wata rana da asuba saƙon murya ya shigo: "Wai wane ne wannan mai jar hular? Kwana huɗu ina ganinsa a zaune a inuwa." Mai ɗaurin rodi ne, yana kan bencinsa yana lanƙwasa zobban fila, ɗaruruwa, kuma jinga muka yi da shi, ko ya kwana a zaune ba asarar kowa ba ce. Leburan da na san yana yawan sulalewa shan shayi kuwa, bidiyo ya nuna shi kamar ya fi kowa himma. Na kira Yaya na ce, "Yaya, don Allah bango za ka riƙa kallo, ka bar mini mutane." Muka yi yarjejeniya: duk Juma'a bidiyo ɗaya, tare da bayanina na murya da hoton shafin littafin kashe kuɗi, tambayoyi kuma a tara su zuwa ranar. Ya kiyaye, in ban da sau biyu ko uku.

A Fabrairu siminti ya yi tashin gwauron zabi, buhu ya haura naira dubu goma a wasu wuraren. Muka shawarta muka dakata. Kyamara ba ta san an dakata ba, ta ci gaba da ɗaukar inuwa tana zagaya ginin da akuyoyin unguwa suna hawa yashi. A cikin kwanakin ne buhu takwas suka yi ƙafa daga sito. Idon Yaya yana barci tun shida na yamma, ko da yana farke ma ba ya gani a duhu. Littafi ne ya tona, da ƙirga da hannu. Na canza kwaɗo, mabuɗi ya dawo aljihuna.

Mun koma aiki daf da azumi, wanda aka fara ranar 11 ga Maris. Ma'aikata suka mayar da farawa da zarar gari ya yi haske, su tashi kafin azahar, don zafin bazara da ƙishirwa ba sa barin mutum ya ɗaga bulo da rana tsaka. Ni kuma na manta ban gyara agogon kyamara ba. Sai bidiyon satin ya rasa farkon safiya, lokacin da aka fi zuba aiki, ya cika da awa biyar na fili ba kowa. Yaya ya turo, "Lafiya kuwa?" Na ce ya ƙirga layin bulo na ranar Asabar da na ranar Alhamis. Ya ƙirga, ya turo alamar dariya. Na mayar da ita shida zuwa ɗaya har bayan Salla.

Tun da aka rufe ƙasa da dekin amfaninta ya fara raguwa. Duk abin da ke cin kuɗi da kawo rigima daga baya, fayif ɗin ruwa, bututun waya, filasta, tayil, a ciki ake yin su, ita kuma bango kawai take gani. Don haka na ƙara wata al'ada: kafin a shafe kowane bango nakan ɗauke shi da waya, da tef a miƙe a jikinsa, don ranar da wani zai buga ƙusa ya san inda bututu ya bi. Bangon sama ya wuce tsayin fayif a Afrilu, aka ɗora katakon rufi a Mayu muna tsere da hadari, aka buga kwano. Sararin da na bari a sama ya isa, da ɗan ragi kamar tafin hannu. Na sauke ta a Yuni bayan ruwan farko mai ƙarfi, na haɗa komai ya haura minti goma, na yanke ranakun akuyoyi ya ragu. Baba birkila ya sa na tura masa a wayarsa, yanzu shi yake nuna wa masu neman magini.

Yaya ya iso a Yuli, bayan Babbar Salla. Daga filin jirgi, ko gida bai fara zuwa ba ya ce mu wuce Ɗanbare. Ya san wurin kamar tafin hannunsa. Tun daga mota yake nuna inda tulin bulo ya fara zama, ya gane Baba maigadi, ya tambayi mai jar hula. Ya tsaya a ƙarƙashin lintar ƙofar gaba, wadda aka zuba a kwanakin nan tara, ya ƙwanƙwasa ta da mabuɗin mota, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sannan ya shiga falo ya tsaya a tsakiya yana juyawa.

"Ashe haka yake ƙarami?"

Falon shi ne ɗakin da ya fi kusa da fayif, idon kyamarar kuma mai faɗi ne, abin da ke kusa yakan kumbura shi. Wata bakwai yana kallon falo kamar filin idi. Na ce wa yaro ya ɗauko tef. Ya riƙe baki ɗaya, na ja ɗaya: ƙafa goma sha takwas da goma sha biyar, daidai da zanen da shi da kansa ya sa wa hannu. Ya ciro waya ya nemo wurin a bidiyo ya tsayar, ya dubi waya, ya dubi bango, ya ce a sake aunawa daga ɗaya kusurwar.